Idin Maryamu Uwar Allah: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar 1 ga Janairu duniya na hidimar sabuwar shekara, amma wanda ya shiga cocin Katolika da safiyar nan zai tarar da Fada sanye da fararen kaya, komin da aka kwantar da jariri Yesu yana nan ba a kwashe ba, waƙoƙin Kirsimeti ne har yanzu a bakin mawaƙa, sunan da ake ta ambato kuwa shi ne Maryamu Uwar Allah. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan rana, daga 'yan ikilisiya da kuma waɗanda ba Katolika ba.

Wane idi ne wannan?

Idi ne na girmama Maryamu saboda ita ta haifi Yesu Almasihu, wanda Kirista suka gaskata Allah ne na gaskiya, mutum ne kuma na gaskiya. Yana cikin manyan idodi na sahun farko a kalandar Ikilisiyar Katolika. Manyan bukukuwa biyu, Kirsimeti da Ista, ba sa ƙarewa a yini ɗaya, ana ci gaba da su har kwana takwas. In ka ƙirga daga 25 ga Disamba, rana ta takwas ita ce 1 ga Janairu. Wato da wannan idi ake rufe makon Kirsimeti: an yi kwanaki ana murnar ɗan da aka haifa, ranar ƙarshe sai a gaida mai jego.

Ta yaya 'yar adam za ta zama uwar Allah? Ba shi ya halicce ta ba?

Shi ya halicce ta, kuma Ikilisiya ba ta taɓa koyar da wani abu dabam ba. Maryamu halitta ce kamar kowa, 'yar Isra'ila ce daga Nazarat, tana da mafari. Allah kuwa ba shi da mafari. Ba ta haifi allahntaka ba, ba ta haifi Uba ba, ba ta haifi Ruhu Mai Tsarki ba, ba ta kuma riga Allah kasancewa ba. Duk wanda ya fahimci kalmar haka, abin da ya fahimta Ikilisiya ma ta ƙi shi.

Abin da ake nufi ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: wane ne jaririn da Maryamu ta haifa a Baitalami? Bangaskiyar Kirista ta ce shi ne Kalman Allah, wanda yake tun fil'azal, wanda ya ɗauki jiki a cikinta ya zama mutum. Shi ɗaya ne. Babu wani Yesu mutum a gefe guda da wani Ɗan Allah a ɗaya gefen da suka haɗa kai suna aiki tare. Wanda ya sha nono, ya yi rarrafe, ya koyi sassaƙa wajen Yusufu, shi ne dai wanda ta wurinsa aka yi dukan abubuwa. To in shi ɗaya ne, kuma Maryamu uwarsa ce, ba yadda za a yi a ƙi kiranta uwar wanda yake Allah.

Siril, bishop na Iskandariya a ƙasar Masar, ya kawo wata hujja da har yau ban ga wadda ta fi ta sauƙi ba. Ya ce kowace uwa jikin ɗanta ne ke samuwa a cikinta, rai kuwa Allah ne ke ba da shi, amma ba wanda ke cewa wance uwar jikin wane ce kawai. Uwar mutumin ce gaba ɗayansa. Haka Maryamu: ba ita ce tushen allahntakar Yesu ba, amma uwarsa ce, shi kansa, kuma shi Allah ne.

Shi ya sa wannan suna, ko da yake Maryamu ake kira da shi, Yesu yake karewa. Ranar da aka daina faɗinsa, tambayar da za ta biyo baya ita ce ko da gaske Allah ya zama mutum, ko kuwa ya aro wani mutum ne ya yi aiki da shi.

Kalmar tana cikin Littafi Mai Tsarki?

Kalmomin "Uwar Allah" a jere haka ba su ciki, kamar yadda kalmar Triniti ba ta ciki. Abin da suke faɗa kuwa yana nan. A Luka 1:43, da Maryamu ta ziyarci Alisabatu, dattijuwar ta kira ta "uwar Ubangijina", kuma Luka ya ce cike da Ruhu Mai Tsarki ta faɗi haka. Yohanna 1:14 ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Bulus ya rubuta wa Galatiyawa (4:4) cewa da lokaci ya cika Allah ya aiko Ɗansa, haifaffe daga mace. Matiyu ya ɗauko annabcin Ishaya 7:14 ya ce za a kira ɗan Immanuwel, wato Allah tare da mu. Haɗa waɗannan wuri ɗaya ne ya haifar da sunan.

Me ya faru a Afisa a shekarar 431?

Kirista masu magana da Helenanci sun daɗe suna kiran Maryamu Theotokos, wato wadda ta haifi Allah. Manyan malamai irin su Atanasiyus na Iskandariya da Giregori na Naziyanzus sun yi amfani da kalmar tun ƙarni na 4. Akwai ma wani guntun takardar gargajiya da aka samo a Masar, yana ajiye yanzu a ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchester a Ingila, ɗauke da addu'ar neman mafaka a ƙarƙashin jinƙan Theotokos. Ana lissafa ta cikin addu'o'i mafi daɗewa da aka yi wa Maryamu, kuma Katolika na yin ta har yau. Ke nan talakawan ikilisiya sun riga majalisar bishop-bishop da aka yi a Afisa faɗin kalmar.

A shekarar 428 aka naɗa Nestoriyus, wani malami mai iya wa'azi daga wajen Antakiya, bishop na Kustantiniya, babban birnin daular Rumawa ta gabas, inda Istanbul take a yau. Wani firist da ya zo da shi, mai suna Anastasiyus, ya hau mumbari ya ce kada kowa ya ƙara kiran Maryamu Theotokos, domin ita mutum ce, Allah kuwa ba zai yiwu mutum ya haife shi ba. Gari ya ɗauka. Nestoriyus ya goyi bayan firist ɗinsa, ya ce a riƙa cewa Christotokos, wadda ta haifi Almasihu. Har wani lauya, wanda ba ma'aikacin coci ba ne a lokacin, Yusibiyus, ya katse shi yana tsakiyar wa'azi.

Labari ya kai Masar. Siril ya shiga rubuta wasiƙu, ga sufayen Masar, ga Nestoriyus kansa, ga Paparoma Selestin a Roma. A 430 wani taron bishop-bishop a Roma ya yanke cewa Nestoriyus ya kauce. Sarki Tiyodosiyus na 2 ya ga rigimar na neman raba daularsa, sai ya kira babban taro a Afisa, birnin da kangonsa yake kusa da garin Selçuk a Turkiyya ta yau.

An buɗe taron ranar 22 ga Yuni, 431, a cocin da ke ɗauke da sunan Maryamu, da bishop-bishop wajen 200. Ba a yi shi cikin natsuwa ba, kuma ɓoye wannan ba ya ƙara wa kowa bangaskiya. Siril bai jira isowar Yohanna na Antakiya da bishop-bishop na Siriya ba, bai jira wakilan Paparoma ba. Nestoriyus yana cikin garin amma ya ƙi halarta. A yini ɗaya aka karanta wasiƙun ɓangarorin biyu, aka amince da koyarwar Siril, aka tuɓe Nestoriyus. Siril ya rubuta cewa jama'ar Afisa sun wuni suna jira a waje, da dare ya yi aka fito sai suka raka bishop-bishop masaukinsu da fitilu, mata na gaba da kaskon turare.

Bayan 'yan kwanaki Yohanna ya iso, ya ga an gama ba da shi ba, ya kira nasa taron, ya ce shi ma ya tuɓe Siril. Sarki ya sa aka tsare Siril da Nestoriyus duka. Wakilan Roma da suka iso daga baya sun tsaya tare da Siril. Sai a 433 Iskandariya da Antakiya suka sa hannu a wata takardar sulhu, kuma a cikinta mutanen Antakiya da kansu suka amince da kalmar Theotokos. Majalisar Kalsidon ta 451 ta sake tabbatar da ita. Nestoriyus ya koma gidan sufaye kusa da Antakiya, daga baya aka kai shi gudun hijira a hamadar Masar, can ya rasu.

A Roma, Paparoma Sikstus na 3, wanda ya yi mulki daga 432 zuwa 440, ya keɓe babbar majami'ar Santa Maria Maggiore ga Maryamu. Zane-zanen ƙananan duwatsu na wancan zamani suna jikin bangonta har gobe.

Ke nan Nestoriyus ƙin Maryamu yake yi?

A'a. Tsoronsa shi ne kada a cakuɗa allahntaka da mutuntaka, har a ce Allah yana da mafari ko yana sākewa. Tsoro ne mai dalili. Inda ya samu matsala shi ne, garin raba halin Allah da halin mutum a cikin Almasihu, maganarsa ta yi kamar mutum biyu ne. Ikilisiyar Gabas, wadda ta bazu a Farisa har ta kai Indiya da Sin, ba ta karɓi hukuncin Afisa ba, kuma an yi ƙarnuka ana rabe. Ranar 11 ga Nuwamba, 1994, Paparoma Yohanna Bulus na 2 da Mar Dinkha na 4, shugaban Ikilisiyar Assuriyawa ta Gabas, suka sa hannu a wata sanarwa cewa bangaskiyarsu game da Almasihu ɗaya ce: su suna cewa uwar Almasihu Allahnmu da Mai Cetonmu, Katolika na cewa Uwar Allah, kowa ya amince da lafazin ɗan'uwansa. Fiye da shekara 1,500 aka ɗauka kafin a kai ga wannan, abin da ya kamata ya sa duk mai saurin kafirta ɗan'uwansa a kan lafazi ya yi tunani.

Me ya sa aka zaɓi 1 ga Janairu? Don sabuwar shekara ne?

Lissafin kwana takwas na Kirsimeti ne ya kawo shi nan, sabuwar shekara ta tarar da shi ne kawai. Hasali ma Kirista na farko ba su ɗauki ranar da daɗi ba, domin a daular Rumawa farkon Janairu lokacin shaye-shaye ne da wasannin da suka danganci gumaka. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yi wa'azi yana gaya wa mutanensa su ba da sadaka su yi azumi a lokacin da wasu ke shagali. Taron bishop-bishop na Tours a Faransa, a 567, ya umarci a yi addu'o'in tuba a farkon Janairu.

A Roma, tsofaffin littattafan sujada sun nuna addu'o'i da waƙoƙin wannan rana cike suke da ambaton Maryamu, kuma a wancan zamani a cocin da ke ɗauke da sunanta Paparoma kan yi Mas ɗin ranar, wato babbar sujadar Katolika. Amma a ƙarni na 7 wasu idodin Maryamu suka shigo daga gabas, irin su 25 ga Maris, 15 ga Agusta da 8 ga Satumba, suka ja hankalin jama'a. A Faransa da Sifen kuwa an riga an saba tuna kaciyar Yesu a ranar, tunda Luka ya ce a rana ta takwas aka yi masa. Sannu a hankali wannan al'ada ta shiga Roma, har littafin Mas na Paparoma Piyus na 5 na 1570 ya kira ranar Kaciyar Ubangiji. Duk da haka addu'o'in Maryamu ba su fita daga ciki ba. A 1960, zamanin Paparoma Yohanna na 23, aka cire sunan kaciya aka bar ta a matsayin rana ta takwas ta Kirsimeti. Da aka sabunta kalanda a 1969, zamanin Paparoma Bulus na 6, aka ba ta sunan da take da shi yanzu. Shi da kansa ya bayyana dalilin a wasiƙarsa Marialis Cultus ta 1974: a tuna rawar da Maryamu ta taka a cikin asirin ceto, a kuma sake yi wa Sarkin Salama da aka haifa sujada.

Na ji wasu na cewa 11 ga Oktoba ne idin. Wanne ne daidai?

Dukansu suna da tarihi. A 1751 Paparoma Benedik na 14 ya ba ƙasar Fotugal izinin yin idin zaman Maryamu uwa, bisa roƙon sarkinsu, daga nan wasu wurare suka ɗauka. A 1931, da aka cika shekara 1,500 da taron Afisa, Paparoma Piyus na 11 ya fitar da wasiƙar Lux Veritatis, ya sa idin a kalandar duniya baki ɗaya a ranar 11 ga Oktoba. A wannan rana ce, a 1962, Yohanna na 23 ya buɗe Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop ɗin Katolika na duniya. Gyaran 1969 ya mayar da idin 1 ga Janairu. Waɗanda ke bin tsohon tsarin Mas na Latin na 1962 suna yinsa a Oktoba har yanzu. A kalandar da ake bi a yawancin coci-coci, 11 ga Oktoba ta zama ranar tunawa da Yohanna na 23.

Me ake karantawa a Mas ɗin ranar?

Karatun ba ya sākewa kowace shekara. Na farko daga Littafin Ƙidaya 6:22-27, albarkar da aka umarci Haruna da 'ya'yansa su sa wa jama'a: Ubangiji ya sa maka albarka ya kiyaye ka, ya haskaka maka fuskarsa, ya ba ka salama. Sai Zabura 67, sai Galatiyawa 4:4-7, sai Bishara daga Luka 2:16-21.

Bisharar gajera ce, amma ta fi dacewa a saurare ta da kyau. Makiyaya sun zo da gaggawa, sun ga Maryamu da Yusufu da jariri a kwance a komin dabbobi, sun ba da labari, kowa na mamaki. Maryamu ba ta ce uffan ba. Luka ya ce ta riƙe dukan waɗannan abubuwa tana ta bimbini a kansu a zuciyarta. Aya ta ƙarshe ta ce da kwana takwas suka cika aka yi masa kaciya aka raɗa masa suna Yesu, sunan da mala'ika ya faɗa tun kafin a ɗauki cikinsa. Mu da muke yin suna idan mako ya zagayo ba ma bukatar dogon bayani a nan: 1 ga Janairu ranar sunan Yesu ce, ranar suna kuwa ba a yinta a manta da mai jego.

Wannan ba bautar Maryamu ba ce?

Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Mas ɗin wannan rana, kamar kowane Mas, ga Allah Uba ake miƙa shi ta wurin Yesu. Maryamu girmamawa ake yi mata, ana kuma roƙonta ta yi addu'a dominmu, kamar yadda addu'ar "A gaishe ki Maryamu" take cewa a rabinta na biyu. Wanda ake roƙo ya yi addu'a, shi ma wani yake roƙo. Tun ƙarni na 4 bishop Epifaniyus na Salamis ya tsawata wa wasu mata a ƙasar Larabawa da ke miƙa wa Maryamu waina a matsayin hadaya, ya ce a girmama ta amma kada kowa ya yi mata sujada. Majalisar Vatican ta Biyu, a babi na 8 na takardarta Lumen Gentium ta 1964, ta gargaɗi masu wa'azi su guji wuce gona da iri, su guji kuma rage mata daraja. Gargaɗin yana da amfani har yanzu. Idan ɗan Katolika ya san carbinsa amma bai san Bisharar da carbin ke bi da shi a ciki ba, katikis da Fada suna da sauran aiki.

Maƙwabcina Musulmi ya tambaye ni ma'anar wannan suna. Me zan ce masa?

A Kaduna, Zariya, Kano, Sakkwato ko Maradi, inda Katolika ke addu'a da Hausa kuma kowa na jin abin da ake faɗa, tambayar dole ta zo. Fara da sanin cewa ba baƙuwa ce a wajensa ba. Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunanta, ita ce mace ɗaya tilo da aka ambata da suna a cikinsa, kuma Musulmi sun gaskata ta haifi Annabi Isa tana budurwa. A kusa da Afisa akwai wani ɗan gida da ake dangantawa da ita, Musulmi da Kirista duk suna ziyartarsa, Paparoma uku sun je can, a 1967, 1979 da 2006.

Amma kada ka ɓoye bambancin. Musulunci ya koyar cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, Isa kuwa annabi ne. Saboda haka kalmar za ta yi masa nauyi a kunne, kuma yana da dalilinsa. Abin da za ka iya yi shi ne ka kawar da abin da ba mu faɗa ba: ba mu ce Allah yana da mata ba, ba mu ce Maryamu allahiya ce ba, ba mu ce ta riga Mahaliccinta ba. Saɓanin gaskiya yana kan wane ne Yesu. A faɗe shi a fili, cikin ladabi, ba tare da neman kayar da juna ba.

Sauran Kirista fa?

Ikilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha ba sa yin sujada ba tare da ambaton Theotokos ba. Su a 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, suke taron girmama ta, 1 ga Janairu kuma suna tuna kaciyar Yesu da waliyyi Basil. Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha, magadan Siril, suna tuna ta ranar 21 ga kowane wata na kalandarsu. Martin Luther bai yar da sunan ba, kuma takardar bangaskiyar Lutheran ta 1577 ta ce daidai ne a kira ta uwar Allah. Anglikan na tuna suna da kaciyar Yesu a ranar. 'Yan'uwa da yawa a ikilisiyoyin bishara suna guje wa kalmar don gudun kada ta kai ga bautar Maryamu, amma in ka tambaye su ko jaririn da ta haifa Allah ne, za su ce i.

Mece ce Ranar Zaman Lafiya ta Duniya da ake ambata a ranar?

Paparoma Bulus na 6 ne ya kafa ta a ƙarshen 1967, aka fara yi ranar 1 ga Janairu, 1968, lokacin yaƙin Vietnam na ci, yaƙin basasar Najeriya ma na ci. Tun daga nan kowace shekara Paparoma kan fitar da saƙo a kan zaman lafiya. Ga wanda ya fito daga ƙauyen da aka ƙone, ko wanda ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa, addu'ar salama ta wannan rana ba al'ada ce kawai ba.

Dole ne in je coci ranar? Na riga na kwana a addu'ar shiga sabuwar shekara.

Dokar Ikilisiya, sashe na 1246, ta lissafa wannan idi cikin ranakun da wajibi ne a halarci Mas. Ta kuma ba majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa damar ɗage wajibcin ko matsar da ranar, da amincewar Roma. A Amurka, alal misali, in ranar ta faɗo Asabar ko Litinin ba a wajabta ba. Sanarwar cocinku ita za ta gaya maka yadda ake yi a dayosis ɗinku.

Game da daren 31 ga Disamba: in abin da aka yi Mas ne da yamma ko da dare, ya wadatar, domin doka ta yarda da Mas ɗin yammacin jajibere. In kuwa waƙoƙi ne da addu'o'i da shaida kawai, suna da kyau amma ba su maye gurbin Mas ba. Tsohuwar al'adar Ikilisiya ita ce a rera waƙar godiya ta Te Deum a ranar ƙarshe ta shekara, a rera Veni Creator, ta roƙon Ruhu Mai Tsarki, a ranar farko. Abin da ke damuna shi ne coci kan cika maƙil da tsakar dare, da safe kuwa, cikin sanyin hunturu, sai ka ga dattawa da matan Zumunta ne suka fi yawa a kan benci, samari na gida suna barci. Ranar hutu ce a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, babu uzurin aiki ga yawancin mutane. Wanda ya san ba zai iya tashi ba, ya tambayi Fada tun da wuri ko taron daren ya haɗa da Mas, ya tsara zuwansa a kan haka.